Camfin 'Yan Dandamali: A Riƙe Shi ko a Yar?

A gidajen wasan kwaikwayo na Ingila da Amurka akwai wasan da ba a kiran sunansa a bayan labule. Shi ne Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen 1606, labarin wani barden Sikotland da mayu uku suka yi wa albishir da sarauta, ya kashe sarkinsa don ya hau gado. 'Yan wasa sai dai su ce "wasan Sikotland" su wuce. Idan baki ya suɓuce wa wani ya faɗi sunan a ɗakin shiri, hukuncinsa sananne ne. A fitar da shi a rufe ƙofa, ya juya sau uku, ya tofar da yawu, ya yi ashar, sannan ya ƙwanƙwasa ya jira a ba shi izinin shigowa. Masu wannan al'ada mutane ne da suka yi karatu mai zurfi, suka haddace dubban layuka, wasunsu har sarautar Ingila ta karrama su da lambar girma. Duk da haka suna yi, kuma suna koya wa na baya.

Ba nan abin ya tsaya ba. Ba a yin fito a kan dandamali. Ba a yi wa ɗan wasa fatan sa'a kafin ya fita. Bature sai ya ce da abokinsa ya karya ƙafa, Bafaranshe da mutumin Sifaniya su yi wa juna fatan kashi, ɗan Italiya ya tura ɗan'uwansa bakin kyarkeci. A Faransa ana gudun koren tufafi, a Sifaniya rawaya, a Italiya shunayya. Idan an tashi da dare an rufe gida, sai a bar ƙwan fitila guda a tsakiyar dandamali, ana kiransa fitilar fatalwa. Shahararren mawaƙin Italiya, marigayi Luciano Pavarotti, a zamaninsa ba ya son fita gaban jama'a sai ya tsinci lanƙwasasshiyar ƙusa a bayan labule ya sa a aljihu. A Japan, duk ƙungiyar da za ta nuna Yotsuya Kaidan, wasan da Tsuruya Nanboku ya rubuta a 1825 kan Oiwa, matar da aka shayar da guba ta mutu ta dawo ramuwa, sai ta fara kai ziyara wurin bautar da aka keɓe wa matar a Tokyo don neman kariya.

Muhawarar ita ce: waɗannan al'adu suna taimakon sana'ar ne, ko kuwa kaya ne da aka ɗora mata tana nishi a ƙarƙashinsu? Ina da ra'ayina, amma masu kare su suna da hujjar da ba ta turuwa da hannu ɗaya, don haka da su zan fara.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tsoro. Wanda bai taɓa tsayawa a gefen labule ba zai yi wuya ya gane shi. Ɗan fim idan ya yi kuskure sai darakta ya tsayar, a sake ɗauka, a yanke ɓarnar a wajen tacewa. Ɗan dandamali ba shi da wannan gata. Mutum ɗari takwas ko dubu sun biya kuɗi sun zauna cikin duhu, shi kuma haske na kansa, kuma sau takwas zai yi haka a mako. Layi na iya ɓace masa. Abokin wasa na iya makara. Ƙofar da ya kamata ta buɗe na iya cijewa. Wasan da ya sa jama'a kuka jiya, yau sai a yi shi daidai da na jiyan a ji zauren shiru, kuma babu mai iya cewa ga dalili. A gidajen wasan Ingila ana yin sanarwa saura minti 35 a ɗaga labule, daga nan kowa na ɗakinsa gaban madubi. Wannan ɗan lokaci shi ne mafi nauyi a ranar ɗan wasa: shiri ya ƙare, aiki bai soma ba, ba abin da ya rage sai jira da bugun zuciya.

Tsoron nan ya kayar da manya. Laurence Olivier, wanda Ingila ke ɗauka a matsayin gwarzon 'yan wasanta na ƙarni na 20, fargabar dandamali ta kama shi a 1964, yana da shekara 57, bayan ya shafe kusan shekara 40 yana sana'ar, kuma ta bi shi kimanin shekara biyar. Lokacin da yake fitowa a Othello sai da ya roƙi abokin wasansa Frank Finlay ya riƙa tsayawa a gefen labule inda zai iya hango shi, don ba ya iya jure zama shi kaɗai gaban jama'a. Ian Holm ya sauka daga dandamali ana tsakiyar wasa a 1976, ya koma fim, bai dawo sosai ba sai 1993. Daniel Day-Lewis ya fice ana cikin Hamlet a Landan a 1989, kuma bai sake hawa dandamali ba. To, in ji masu kare camfi, mutumin da ke fuskantar irin wannan kullum, in ya samu ƙusa ko tsohuwar safa ko wasu kalmomi da yake maimaitawa suna kwantar masa da hankali, da wane baki za ka ce ya yar?

Suna da masani a bayansu. Bronisław Malinowski ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Papua New Guinea, a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya lura da wani abu game da masuntan wurin. Idan za su yi su a ruwa mai kwanciya na kusa da gaɓa, inda kifi tabbas ne kuma haɗari kaɗan, ba sa yin wani tsafi. Idan kuwa za su shiga teku, inda guguwa ke iya kifar da kwalekwale, sai su cika tafiyar da tsafe-tsafe, tare da cewa sun ƙware a sassaƙar kwalekwale da karanta iska. Abin da ya fahimta shi ne tsafin yana soma aiki daga inda gwaninta ta ƙare. Dandamali kuwa teku ne na masu wasa. Shi ya sa camfi ya fi yawa a can fiye da wajen ɗaukar fim, kuma ya fi tsanani a daren farko fiye da dare na ɗari.

Hujja ta biyu ta fi kusa da abin da Bahaushe ya sani. Da yawa daga cikin waɗannan camfe-camfe dokokin tsaro ne da aka sa wa rigar tsoro don su zauna a zuciya. Bayanin da aka fi bayarwa kan hana fito shi ne, a da ma'aikatan jiragen ruwa ake ɗauka su ja igiyoyin da ke ɗaga labule da allunan ado, saboda sun iya ƙulli da hawa sama, kuma da fito suke yi wa juna ishara. Ɗan wasan da ya ratsa yana fito don nishaɗi zai iya sa a sako masa buhun yashi a ka. Fitilar fatalwa kuma amfaninta a fili yake, domin dandamali cike yake da igiyoyi da matakala, ga ramin makaɗa a bakinsa, wanda ya shiga cikin duhu zai iya karya wuya. Koren launi ma yana da nasa tarihin. Rininsa ya daɗe yana ba masu rini wahala, wani ana haɗa shi da tsatsar tagulla, wani kuma, irin wanda Carl Scheele ya ƙirƙiro a 1775, da gubar asinik aka yi shi. Shunayya a Italiya launin tufafin limaman coci ne a lokacin azumin Kirista na kwana 40, lokacin da a da ake rufe gidajen wasa, 'yan wasa su zauna ba aiki ba abinci. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan dabara. An hana mu fito da dare, an hana mu zama a bakin ƙofa, an hana mu shara bayan magariba, kowanne an haɗa shi da aljani ko tsiya, sai da muka girma muka gane hikimar da ke ƙarƙashin wasu daga ciki. Dokar da aka rubuta a allo ana mantawa da ita, amma wadda aka haɗa da tsoro tana bin mutum har tsufa.

Ta uku ita ce zumunci, kuma a nan akwai al'adar da nake ganin kyawunta ƙwarai. A Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, akwai wata alkyabba da ake yawo da ita daga wasa zuwa wasa tun 1950, lokacin da wani ɗan rawa mai suna Bill Bradley ya aika wa abokinsa tsohuwar rigar shiri a daren buɗe wasansa. Yau ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity ce ke kula da ita. A daren farko na sabon wasan kiɗa da rawa, kafin a shigo da 'yan kallo, sai kowa ya taru a kan dandamali a yi da'ira. Ba tauraron wasan ake yafa wa alkyabbar ba. Ana ba da ita ga ɗan amshi ko ɗan rawar da ya fi kowa yawan wasannin da ya yi a layin baya, mutumin da sunansa ba ya fitowa da manyan baƙaƙe a allon talla. Sai ya zagaya da'irar sau uku kowa na taɓa rigar, sannan ya bi ɗakunan shiri ɗaya bayan ɗaya. Kowane wasa yana ɗinka tambarinsa a jikinta, in ta cika a ajiye a soma sabuwa. Sana'a ce da mutane ke haɗuwa yau su rabu bayan wata uku, yawancinsu ba su san inda aiki na gaba zai fito ba. Al'ada irin wannan ita ke gaya wa baƙo cewa ya shigo gida mai tarihi, kuma a daren nan ƙaramin ma'aikaci ne ke gaba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Masu suka sukan fara da tambaya mai sauƙi: labaran da aka gina camfin a kansu, gaskiya ne? Sau da yawa amsar a'a ce. An daɗe ana cewa la'anar Macbeth ta soma tun daren farko, wai yaron da zai fito a matsayin matar Macbeth, mai suna Hal Berridge, zazzaɓi ya kashe shi, har Shakespeare da kansa ya maye gurbinsa. Labarin ya shiga littattafai da jaridu. Masanin Shakespeare Stanley Wells ya bi sawunsa ya tarar da tushensa a wani sharhi da marubuci Max Beerbohm ya yi a 1898, inda ya ƙaga shi ya jingina wa wani tsohon marubuci. Kusan shekara 300 ke tsakanin rubuta wasan da haihuwar labarin. Haka batun launi. Molière, uban wasan barkwanci na Faransa, tari ya turnuƙe shi a kan dandamali ranar 17 ga Fabrairu 1673, a nuni na huɗu na wasansa kan mutumin da ke raya wa kansa ciwo. Ya daure ya ƙarasa, aka kai shi gida, ya rasu a daren. Faransawa suka ce kore ya sa, mutanen Sifaniya suka ce rawaya. Kowace ƙasa ta ɗinka masa rigar da ta dace da tsoron da take da shi tun da farko.

Masu kare la'anar za su ce to ai akwai abubuwan da suka faru da gaske. Haka ne. A 1937, ana shirin buɗe Macbeth na Olivier a gidan wasa na Old Vic, wani ƙarfe mai nauyi ya faɗo daga sama ya kusa samunsa, kuma shugabar gidan, Lilian Baylis, ta rasu ana gobe za a buɗe. Ranar 10 ga Mayu 1849 an yi tarzoma a Astor Place da ke New York, a wajen gidan da ɗan wasan Ingila William Macready ke nuna Macbeth, sojoji suka buɗe wuta, aƙalla mutum 22 suka mutu. Sai dai kowanne yana da sanadinsa a bayyane. Baylis tana da shekara 63, kuma zuciya ce ta buga mata. Tarzomar Astor Place kuwa ta fito ne daga gabar da ke tsakanin Macready da ɗan wasan Amurka Edwin Forrest, wadda ta rikiɗe ta zama faɗan talakawan birni da masu kuɗi masu ƙaunar Ingila. Sannan wasa ne da aka shafe shekara 400 ana nunawa a duk faɗin duniya, yawancinsa cikin duhu, cike da faɗan takobi da wuƙa. Da ba a taɓa samun haɗari a cikinsa ba, wannan ne zai zama abin mamaki. Idan wani ya faɗi a Hamlet sai a ce tsautsayi, a manta. Idan ya faɗi a Macbeth sai a ƙara shi a lissafi. Dubban dararen da aka tashi lafiya kuwa ba mai ƙirga su.

Inda maganar masu suka ta fi kama ni shi ne nan: camfi yana iya rufa wa sakaci asiri. A 1947, a gidan wasa na Coliseum da ke garin Oldham a arewacin Ingila, wani ɗan wasa mai suna Harold Norman yana fitowa a matsayin Macbeth. A faɗan ƙarshe makamin abokin wasansa ya shige shi da gaske. Aka kai shi asibiti, bayan kamar wata guda ya rasu. Har yau idan ana ba da labarinsa, abin da ake ƙarawa shi ne wai ya raina al'adar, wai fatalwarsa na yawo a gidan. Tambayar da ta dace ita ce, me ya kai makami mai iya huda ciki hannun ɗan wasa? Wa ya duba shi? Sau nawa aka yi bitar faɗan? Da zarar an ce la'ana ce, waɗannan tambayoyi sun mutu, kuma ba wanda zai amsa laifi. Babbar gobarar gidan wasa na Iroquois a Chicago, ranar 30 ga Disamba 1903, ta ci rayuka kimanin 600, yawancinsu mata da yara. Wutar fitila ce ta kama labule, labulen kare wuta ya maƙale bai sauka ba, ƙofofin fita wasu a kulle wasu a ɓoye. Abin da ya kare masu kallo bayan wannan shi ne dokar da ta tilasta ƙofofi su riƙa buɗewa ta waje, da alamar fita mai haske. Ba wani camfi da ya taɓa ceton rai ko ɗaya daga irin wannan wuta.

Camfi kuma yana da halin sauka a kan mutum. A 1936 Orson Welles, yana ɗan shekara 20, ya shirya Macbeth a unguwar Harlem da baƙaƙen 'yan wasa zalla, ya mayar da labarin wani tsibiri mai kama da Haiti, ya kawo makaɗan Afirka ƙarƙashin Asadata Dafora, ɗan Saliyo. Wani mai sharhi, Percy Hammond, ya kushe wasan a jarida, bayan 'yan kwanaki ciwon huhu ya kashe shi. Sai labari ya bazu cewa makaɗan ne suka yi masa asiri, kuma masu shirya wasan da kansu suka riƙa ba da shi shekara da shekaru. Ku dubi abin da aka yi wa waɗannan mutane. Gwanaye ne da suka kawo fasaharsu, wasan ya yi farin jini har aka zagaya Amurka da shi, amma abin da aka fi tunawa da su shi ne zargin kisa da tsafi, saboda zargin ya dace da hoton da Turawa ke da shi na baƙar fata. Mu da muka san yadda ake laƙaba wa mace farar ƙafa idan arzikin mijinta ya karye, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan wannan zalunci.

Saura tambayar ko camfin yana ma aiki a zuciya kamar yadda ake faɗa. A 1948 masanin halayya B. F. Skinner ya sa tantabaru masu jin yunwa a keji, na'ura na zubo musu hatsi duk bayan daƙiƙa 15, ko me suka yi. Ba a jima ba shida daga cikin takwas suka ɗauki wata ɗabi'a, wannan na juyawa, wancan na cusa kai a kusurwa, kowacce tana maimaita abin da take yi lokacin da hatsin ya zubo. Wasu masana daga baya sun ja da fassararsa, amma hoton ya zauna, domin kowa ya san yadda sa'ar dare ɗaya ke manne wa rigar da aka sa a daren. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Cologne ta Jamus suka ba ɗalibai 28 ƙwallon golf su jefa a rami, aka ce wa wasu tasu mai sa'a ce, kuma waɗannan suka fi ci. Jaridu suka yayata cewa kimiyya ta tabbatar da camfi. A 2014 wasu masu bincike a Amurka suka maimaita gwajin da mutane masu yawa, ba su ga wani bambanci ba. Don haka ko hujjar nan ta cewa imani da sa'a na ƙara ƙwazo, ƙafarta ba ta tsaya da kyau ba.

Mai karatu Musulmi yana da nasa ma'aunin tun kafin waɗannan gwaje-gwaje. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfa abu da ɗaukarsa alamar sharri har ya mayar da mutum daga abin da ya nufa, amma ya so kyakkyawan fata da kalma mai daɗi. Malamai sun yi bayanin cewa illar camfi ita ce ɗora amfani da cutarwa a kan abin da ba ya da ikon ko ɗaya. Kirista mai riƙo da addininsa ma ba zai yarda ƙusa ke riƙe da muryarsa ba. Na kawo wannan ne don rarrabewar da ke cikinsa tana da amfani ko ga wanda ba ya bin addinin: akwai abin da ke ƙarfafa zuciya ta fita aiki, akwai kuma abin da ke ɗaure ta ya hana ta fita.

A nan nake tsayawa. An cusa abubuwa biyu cikin buhu ɗaya, ya kamata a zazzage su. Na farko shiri ne. Ɗan wasan da ke zuwa awa biyu kafin lokaci, ya motsa murya, ya miƙe gaɓoɓi, ya jera kayan kwalliyarsa yadda ya saba, ya sa tufafi bisa tsari guda kullum, ya yi addu'a, ya riƙe hannun abokansa a da'ira, wannan yana tattara hankalinsa ne daga hayaniyar titi zuwa cikin mutumin da zai zama. Ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Alkyabbar Broadway a nan take, haka fitilar dare, haka barin fito inda ma'aikata ke aiki a sama. Na biyu shi ne yarda cewa kalma ko launi ko ƙusa na da iko a kan abin da zai faru. Wannan ina ganin a yar da shi, kuma hanyar gane shi ita ce a duba ranar da aka tsallake al'adar. Idan mutum ya nemi ƙusarsa bai samu ba, ya ɗaga kafaɗa ya fita ya yi wasansa, to al'ada ce kawai. Idan kuwa gwiwarsa ta sage, ya fita yana jiran masifa, ya yi tuntuɓe a layi na farko ya ce ai dama na sani, to abin da ya ɗauka magani ya zama sabuwar cuta, ya ƙara wa kansa tsoro na biyu a kan na farko.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce ba a raba su da wuƙa haka. Yawancin 'yan wasa in ka tambaye su za su ce ba su yarda da la'anar ba, amma ba za su faɗi sunan ba, don me za su gwada? A wannan tsaka-tsakin suke rayuwa, rabi wasa rabi gaske, kuma wataƙila wannan ɗan guntun imani shi ne ke ba al'adar ƙarfinta. In ka cire shi gaba ɗaya, zagaya dandamali sau uku ya zama motsa jiki kawai. Na yarda akwai gaskiya a nan, kuma ban ce a kafa doka a hana kowa abin da yake yi a ɗakinsa ba. Abin da ke aljihun mutum nasa ne. Amma da zarar al'ada ta fito daga aljihu ta hau kan wani, an shiga wata magana. Yarinyar da ta zo aikinta na farko, aka fitar da ita gaban jama'a aka sa ta tofa yawu da ashar, alhali tarbiyyarta ko addininta bai yarda da haka ba, ba ta da bakin ƙi, don tana tsoron a ce ita ce ta jawo wa wasan tsiya. Mai ɗinkin da aka sa ya warware aikin mako biyu saboda tauraruwa ta ga kore, shi ma haka. Manya ke kafa camfi, ƙanana ke biyan kuɗinsa, kuma daraktan da ya zuba ido yana kallo ya gaza a aikinsa.

Akwai wata al'ada da ake yi kafin wasa a manyan gidaje yanzu wadda ba ta da labarin fatalwa ko ɗaya. Duk wasan da ke da faɗa a ciki, kafin a buɗe ƙofa ga jama'a, sai masu faɗan su hau dandamali su bi kowane sara da kowace kaucewa a hankali, sannan da sauri, a duba makaman ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum ake yi ko da an yi wasan sau 300. Irin wannan nake so a ba muhimmancin da ake ba sunan da ba a faɗa. Haka kuma a Birtaniya akwai ƙungiyar likitoci ta BAPAM da ke duba lafiyar masu wasa da makaɗa, har da masu fama da fargabar dandamali, kuma ciwo ne da ake magani. Olivier ya ɓoye nasa shekaru, ƙalilan ne suka sani, domin a sana'ar ya fi sauƙi mutum ya ce yana tsoron la'ana da ya ce yana tsoron jama'a. Na farko ana dariya a rungume shi, na biyu ana tsoron kada furodusa ya ji ya nemi wani. Gidan wasan da ke son 'yan wasansa da gaske zai sa lambar likitan a allon sanarwa na ɗakin shiri, ya kuma tabbatar wa duk wanda ya nemi ganinsa cewa ba zai rasa aikinsa a kan haka ba.